Na uku a ajinsu, amma bai iya haɗa baƙi ba: me ake aunawa a makarantunmu?

Malama Mai JSS1:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar Talata, na ce bari in kawo shi nan ko na ji sanyi. An ba ni sababbin ɗalibai, su saba'in da 'yan kai. Kafin in fara darasi sai na rubuta jimla uku a allo, da Hausa ma ba Turanci ba: "Audu ya tafi kasuwa. Ya sayo goro da gishiri. Ya dawo da yamma." Na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi waɗanda suka karanta ba gargada ba su kai rabi ba. Akwai wani yaro tsaf-tsaf da shi, riga ta sha guga, ya tsaya yana kallon allo, leɓe na rawa, ya ce "A... A..." sai ya sunkuyar da kai. Da na duba fayil ɗinsa, katin sakamakonsa na aji shida cewa ya yi shi ne na uku a ajinsu. Hausa 68, Turanci 71. Shekara shida ke nan, zango goma sha takwas, kowane zango da gwajinsa da jarrabawarsa. To me aka riƙa aunawa? Ga shi kullum labarin da muke ji shi ne za a gyara ilimi ta hanyar tsaurara jarrabawa, a koma kwamfuta, a kama masu satar amsa. Ni dai ku gaya mini, jarrabawa tana gyara makaranta kuwa?

Mai Jan Biro:
Wa alaikumus salam Malama. Idan wannan ne na uku, ina tausaya wa wanda ya samu na arba'in.

Abban Yara:
Malama sannu da ƙoƙari. Amma ni abin da kika faɗa ƙara mini ƙarfin gwiwa ya yi. Ba don kin gwada su ba, da yaushe za ki sani? Ai gwajin ne ya tona asirin. Matsalarmu ba yawan jarrabawa ba ne, rashin ta gaskiya ne. A kasuwa ko mudu aka ce maka cike yake, sai ka aza shi ka gani. A gwada yara, a gwada malamai, wanda ya faɗi a sallame shi, kamar yadda aka yi a Kaduna. In babu tsoro babu aiki.

Baba Hedimasta:
Bari tsoho ya sa baki. Shekara talatin da biyar na yi da alli a hannu kafin in yi ritaya, kuma a gabana aka kawo wannan abin da kuke kira C.A., wato auna ɗalibi a kai a kai cikin zango. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ce ta zo da shi, aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982. Abin da aka faɗa mana a bita yana da kyau ƙwarai: kada a bar makomar yaro ta rataya a kan jarrabawar rana ɗaya, malami ya riƙa bin sa mako-mako, ya ga inda yake tuntuɓe ya tallafe shi. Har da ɗabi'a da aikin hannu aka ce a riƙa rubutawa. To amma wa ya ba malami lokaci? Wa ya rage masa yara? Sai abin ya koma cike gurbi. Ni shaida ne, makon ƙarshe na zango za ka tarar da malamai a gindin darbejiya, kowa da babbar takardar maki a cinya, ana cewa "wannan yana da ladabi, ba shi 15, wancan ɗan gidan mai unguwa ne, kada ka sa masa ja." Gwajin da ba a yi ba an ba shi maki. Kuma ba a maimaita aji, domin in ka riƙe yara talatin a aji uku, ina za ka zuba waɗanda ke tahowa daga aji biyu? Don haka 'yata, 68 ɗin nan da kika gani ba ƙarya ce ta mutum ɗaya ba. Kowa ya sa hannu, har da mu da muka buga hatimi.

Malama Mai JSS1:
Allah ya ƙara girma Baba. Gaskiyar nan da ɗaci take, domin ni ma na taɓa cike gurbin da ban gwada ba, ranar da aka ce gobe za a karɓi takardu.

'Yar Zazzau:
Abban Yara, tunda ka ambaci Kaduna bari in amsa maka, don a gabanmu aka yi. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin ɗari, aka ce za a ɗauki sababbi 25,000. Ba zan yi musu ba, takardun amsar da aka baza a intanet wasunsu abin kunya ne, mutum yana koyarwa bai iya rubuta jimla ba. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, tana cewa hukumar rajistar malamai ta TRCN ce ke da hurumin tantance malami, ba gwamnatin jiha ba. Wannan duk an wuce shi. Abin da nake so ka duba shi ne, a ƙarshen 2021 an sake yin wata jarrabawar, a 2022 aka sake sallamar 2,357, kuma cikinsu har da waɗanda laifinsu ƙin zama jarrabawar ne. Gwajin ya nuna ciwo, na yarda. Amma ina aka yi maganar kwalejojin da suka ba mutanen nan NCE, wato takardar shaidar malanta? Ina waɗanda suka ɗauke su aiki da takardar ɗan siyasa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abban Yara:
Hajiya to sai a bar su su ci gaba da koyar da 'ya'yan talakawa? Ke za ki kai naki ɗan ajin wanda bai iya lissafin aji huɗu ba?

'Yar Zazzau:
Ba zan kai ba. Ban ce a bar su ba. Cewa na yi sallama aikin rana ɗaya ne, samar da malamin kirki kuwa aikin shekaru ne, kuma shi ne ba a ɗaukar hotonsa a sa a jarida.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, a nan wajenmu, ina bin maganarku ina murmushi, don a shekarar nan ta 2017 mu ma an yi wa malaman kwantaragi na firamare jarrabawar tantancewa a faɗin Nijar, aka yi ta rigima da ƙungiyoyin malamai, aka soke kwantaragin wasu. Kamar an haɗa baki. Mu ma a nan idon kowa yana kan BEPC da BAC, wato jarrabawar gama ƙaramar sakandare da ta babba. Ranar da za a faɗi sakamako gari ya ɗauka, ana guɗa ana kuka. Amma yaron da ya shiga lakwal, wato makarantar boko, aka fara masa da Faransancin da ko a mafarki bai taɓa ji ba, babu mai tambaya ko ya gane wani abu a shekararsa ta biyu. Sai ya kai ajin jarrabawa a ce ya ba da kunya.

Ɗan Kwamfuta:
Ni fa ina ganin kuna zagaye ne kawai. Maganin satar amsa kwamfuta ce. Tun da JAMB ta koma CBT, wato jarrabawa a kwamfuta, gaba ɗaya a 2015, ina labarin a shigo maka da amsa a cikin safa? Kowa da nasa tambayoyin, ka gama sakamako ya fito cikin 'yan kwanaki. Ministan ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO ma su koma haka, kuma ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Ranar da mirakul senta, wato cibiyoyin da ake ba yara amsa, ta mutu, dole makarantu su koma koyarwa.

Mai Jan Biro:
Ƙanena, zauna in ba ka labari, don ni duk shekara ina cikin masu makin takardun kammala sakandare. Farko dai ban ƙi maganarka ba, satar amsa ta kai inda ta kai. Na taɓa buɗe ƙunshin wata cibiya, takarda arba'in da wani abu, duk amsa iri ɗaya, har kuskuren. Wanda ya rubuta musu a allo ya manta harafi ɗaya a wata kalma, su ma duka suka manta shi. Ɗaya daga cikinsu ma har da kwafe "ku juya shafi" a tsakiyar amsarsa. Na yi dariya, daga baya na ji kamar in yi kuka.

Amma abin nan ba yau ya fara ba, kuma ba tsanani ne aka rasa ba. Tun 1977 aka yi babbar fallasar tambayoyin WAEC da ake kira Ekspo 77. A 1984 gwamnatin soja ta yi dokar ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. A 1999 aka sake wata dokar. Ya hana? Muddin takardar kiredit biyar ce kaɗai ƙofar shiga jami'a da aikin gwamnati, kuma yaro ya iso SS3 bai iya karatu ba, to wani zai sayar masa da hanya.

Sai batun kwamfuta. Ka tuna 2025? Shugaban JAMB Farfesa Is-haq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas sai da suka sake zama. A shekarar dai, WAEC ta fitar da sakamako ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Aka yi ta sharhi a rediyo, ilimi ya mutu, malamai ba sa aiki, yara sun koma TikTok. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta dawo ta ce an yi kuskure wajen makin tambayoyin canki-canka, adadin gaskiya kashi 62.96 ne. Yaran nan dai su ne, malaman su ne. To da wanne adadin za mu gyara makaranta? Kuma kada ka manta a ƙarshen watan Mayun shekarar aka ga hotunan yara suna rubuta Turanci da dare, da fitilar waya.

Ɗan Kwamfuta:
Yaya ai kuskure ne aka gano aka gyara. Da a takarda ne wa zai ma sani? Ni wannan hujjata ce, ba taka ba.

Mai Jan Biro:
Ka samu maki ɗaya a nan, na ba ka. Saura ka gaya mini yadda yarinyar da ba ta taɓa taɓa linzamin kwamfuta ba, a ƙauyen da rabonsu da wuta tun bara, za ta rubuta insha'i a kan allon na'ura.

Hajiya Mai Makaranta:
Tunda an taɓo mu masu makarantun kuɗi, bari in faɗi tawa. Shekara goma sha ɗaya ina wannan harka, ban taɓa ganin uban da ya shigo ofis ya ce "Hajiya kira mini ɗana ya karanta mini shafi ɗaya in ji" ba. Tambayar ɗaya ce: bara ɗalibanku nawa suka samu kiredit? Shekarar da na hana a taimaka wa yara a ɗakin jarrabawa, na kori malamin da ya karɓi kuɗin "haɗin kai", da hutu ya ƙare ajin SS2 ɗina ya zube kusan rabi. Sun koma inda ake ba da tabbaci. Albashin malamai na wata biyu daga aljihuna ya fita. Don haka masu cewa a riƙa jera makarantu bisa sakamako ana yaba na sama ana hukunta na ƙasa, ku sani mai gaskiya ne zai kwana a ƙasa.

Abban Yara:
Hajiya da girmanki, amma ku ne kuka mayar da ilimi kasuwa, yanzu kuma ku dawo kuna kuka da masu saye?

Hajiya Mai Makaranta:
Alhaji sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da ta gwamnati tana aiki, wa zai kawo mini ɗansa? Naka 'ya'yan a ina suke?

Admin:
Jama'a a yi haƙuri, a bar 'ya'yan kowa a gida. A koma kan tambayar Malama.

Tsohon Gardi:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, a tsangaya na tashi, sai daga baya na yi yaƙi da jahilci. Amma abin da Malama ta faɗa ya ba ni mamaki, don a wurinmu ba zai yiwu ba. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya biya, malam ya ji da kunnensa. In ya yi gargada a ce koma, gobe ka dawo. In ya iya a ce je ka wanke, a yi masa ƙari. Mai babbaƙu yana babbaƙunsa, mai farfaru yana farfarunsa, wanda ya kai izu goma yana wurinsa, ba a cewa don shekararku ɗaya dole ku tafi tare. Babu kati, babu na ɗaya babu na uku, amma ka tambayi malam a kan kowane almajiri zai gaya maka ayar da ya tsaya. Yaya za a yi mutum ya shekara shida a gabanka ba ka taɓa jin karatunsa ba?

'Yar Zazzau:
Malam ka faɗi gaskiya, sai dai a yi adalci. Malamin tsangaya yana da gardawa masu taya shi, kuma littafi ɗaya ne a gabansa. Malamar firamare ita kaɗai ce da yara ɗari, darussa barkatai, minti talatin da biyar kowanne. Sannan biya hadda daban, gane abin da aka karanta daban.

Tsohon Gardi:
Haka ne Hajiya. Amma yaron Malama ko haddar ma bai samu ba.

Baba Hedimasta:
Malam Gardi, abin da ka kwatanta ai shi ne aka je har Indiya aka ɗauko. Wata ƙungiya ce a can mai suna Pratham ta fito da tsarin koyar da yaro daidai matakinsa. Gwajin bai wuce na minti biyar ba, baki da baki, da takarda guda: ga haruffa, ga kalmomi, ga ɗan sakin layi, ga gajeren labari. Inda yaro ya tsaya nan ne matakinsa. Sai a ware sa'a ɗaya ko biyu a rana a raba yara bisa matakin, ba bisa aji ba, bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya ci gaba ya sauya rukuni. An gwada shi a Borno, an kuma gwada a Kano a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da 'yan aji huɗu zuwa shida, kuma da Hausa aka fara. Abin da ya burge ni shi ne babu wanda za a kora ko a ƙara wa girma saboda sakamakon, don haka babu dalilin yin ƙarya. Malami ne ke aunawa don amfanin kansa. Da zarar an ce za a aika da shi hedikwata a jera makarantu, ku ba shi zango biyu, zai koma gindin darbejiya.

Abban Yara:
Baba ranka ya daɗe, a nan ne ban gamsu ba. In babu mai duba malami daga waje, ai shi ne alƙali shi ne mai ƙara. Wanda ya ba yaron nan 68 shi za a ce ya auna shi da gaskiya?

Baba Hedimasta:
Tambayarka tana kan hanya Alhaji. A da mai duba makarantu in ya zo ba ofis yake zama ba, aji yake shiga, ya nuna yaro da yatsa ya ce tashi karanta. Ba ka san ranar zuwansa ba, ba ka san yaron da zai nuna ba. Yanzu in sun zo rajista suke dubawa da littafin tsara darasi, a sa hannu, a ci abinci, a tafi. A dawo da wancan. Kai ma uba, wa ya hana ka yi a gida?

Abban Yara:
To Baba, yau da dare zan gwada su. In na ga abin da ban so ba, makarantar za ta gan ni da sassafe.

Mai Jan Biro:
Wani abu kuma da ya kamata ya dame mu. A ƙarshen 2022, zamanin Malam Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 aka soke, aka ce a koma Turanci tun daga farko, kuma hujjar da minista ya bayar ita ce yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi harshen gida. Ku lissafa da kanku. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 ko firamare bai gama ba, balle ya zauna WAEC. Waɗanda suka faɗi ɗin a ƙarƙashin wane tsari suka yi karatu? An ɗauki sakamakon 'yan shekara sha bakwai an yanke hukunci a kan 'yan shekara shida.

Ɗan Kwamfuta:
Amma Yaya ai malamanmu tun da can da Hausa suke bayani a aji ko da doka ko babu. Ina jin abin da yake nufi ke nan. Kuma jarrabawar da Turanci take zuwa, wannan ba mu da yadda za mu yi.

Mai Jan Biro:
Bayani da Hausa a kan littafin Turancin da malam da ɗalibi duk ba su gane ba, shi ne koyarwa da harshen uwa? Ina littattafan? Ina horon?

Ɗan Maraɗi:
Wannan gardamar mu ma muna cikinta tsundum, sai dai a cire Turanci a sa Faransanci.

Maman Biyu:
Ni dai uwa ce, ina karantawa tun ɗazu. A Kano muke. Babbar 'yata tana SS2, tun farkon shekara ba ta da zance sai kwalifayin, don wanda ya ci ne gwamnati ke biya wa kuɗin NECO, kuma mu ba mu da halin biya. Kullum tana rungume da littafin tsofaffin tambayoyi, tana haddace A da B da C. Rannan na ba ta takardar maganin kakarta ta karanta mini yadda ake sha, sai da ƙaninta ya taya ta. Ban san wanda zan ga laifinsa ba. In na ce ta ajiye tsofaffin tambayoyin nan ta koyi karatu, ta faɗi, wa zai biya?

Hajiya Mai Makaranta:
Kada ki ce ta ajiye, 'yar uwa. Ta ci gaba, amma kullum bayan magariba ta karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi, ko na labari ne, ta kuma faɗa miki abin da ya ce da bakinta.

Malama Mai JSS1:
Na dawo, ku yi haƙuri da shiruna, kwana biyu ina fama. Na bi shawarar Baba. Na yanka kwali na rubuta haruffa, da kalmomi, da ɗan labari, na zauna a baranda lokacin tara ina kiransu ɗaya-ɗaya. Kwana uku ya ɗauke ni. Goma sha ɗaya ko haruffa ba su gama sani ba. Wasu suna karanta kalma amma in ta haɗu da 'yar uwarta sai su rikice. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar yarinya da katinta ya ce ita ce ta talatin da takwas, ta karance labarin tas, har tana gyara mini inda na manta ƙugiyar ɗ. Na kai wa shugaban makaranta, ya duba ya yi shiru, sannan ya ce shi ba zai hana ni ba, amma in tabbatar littafin tsara darasina ya nuna na gama manhajar zango, don shi za a tambaya. Mun dai yi da shi zan riƙa ɗaukar minti ashirin na farkon darasina, da kuma ranar Alhamis bayan an tashi.

Shi kuwa mutumina na uku, a rukunin haruffa ya faɗa. Jiya ya tsaya bayan kowa ya fita, ya ce Malama don Allah kada a gaya wa babansa, don an saya masa keke saboda sakamakon nan. Na ce masa ba zan faɗa ba tukuna. Baba, yara goma sha ɗayan nan, da wasula zan fara musu ko da baƙaƙe? Kuma wa ke da tsohon littafin koyon karatu na aji ɗaya da zai ara mini kafin Alhamis?

Baba Hedimasta:
Fara da wasula biyar, sannan ki ɗauko b da k da m ki riƙa aurar da su: ba, bi, bu, ka, ki, ku. Kada ki wuce baƙi uku a mako. Littafi kuma ina da guda biyu a akwati, bangon ɗaya ya cire amma shafukan suna nan. Ki turo yaro gobe bayan la'asar.